Masu Kishin Tarihi Ko 'Yan Bumburutun Kiɗa? Martani Ga Ɗan'uwa

Da farko muna miƙa godiya ga Edita da ya ba mu aron wannan fili domin mu tofa albarkacin bakinmu a kan wani rubutu da ya fito a wannan mujalla tamu mai farin jini a fitowar da ta gabata. A cikin rubutun, wani ɗan'uwa marubuci wanda muke ganin girmansa, kuma ba za mu kama sunansa ba, ya cinye shafi uku cur yana kambama Turawan nan masu tara tsofaffin faya-fayan garmaho, musamman masu farautar ƙananan faya-fayan kiɗan samarin bakin teku na Kalifoniya da na ƙananan ƙungiyoyin makaɗa masu cin gashin kansu a Amurka da Ingila. Ya kira su masu kishin tarihi, ya lissafo mana irin maƙudan kuɗin da suke zubawa a kan faifai guda, sannan ya rufe da shawarar wai samarinmu su shiga ɗakunan iyayensu su zaƙulo faya-fayan Shata da na Ɗanmaraya Jos su kulle a akwati a matsayin jari, domin wata rana Bature zai zo da dala.

Mu dai malaman makaranta ne, kayan aikinmu alli da allo da jan biro. To jan biron ne ya motsa. Ba mu da rigima da mai son kiɗa, ba mu kuma da rigima da mai ajiye tsohon abu. Rigimarmu da ɗan'uwan ita ce ya ɗauki kasuwa ya sa mata rawanin tarihi, alhali kuwa tarihin waɗannan faya-fayai da kansa shi ne babban mai ba da shaida a kan kasuwar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka bari mu bi abin daga tushe.

Faifan da ake magana a kansa ɗan ƙarami ne, faɗinsa inci 7, bai wuce murfin ƙaramar tukunya ba, yana kuma juyawa sau 45 a minti ɗaya. Kamfanin RCA Victor na Amurka ne ya fito da shi a shekarar 1949. Waƙa ɗaya a gaba, ɗaya a baya, kowace ba ta wuce minti biyu zuwa uku ba. A farkon shekarun 1960 kuɗinsa bai cika dala ɗaya ba, ta yadda ɗan makaranta zai iya tattala kuɗin kashewarsa ya saya ran Asabar, ya kai gidan abokinsa su ɗora a garmaho su yi ta maimaitawa har allura ta cinye shi. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin za mu dawo kansa: tun ran gini an yi wannan faifai ne don arha, kuma don a ji.

Shi kuwa kiɗan bakin tekun, wanda su suke kira saf, ya samo sunansa ne daga wasan nan da samarin Kalifoniya ke yi na hawa wani dogon allo su bi igiyar teku tana sulu da su har gaɓa. Galibinsa babu waƙa, zallan kiɗa ne na jita mai lantarki da ganguna, ana bi da sautin jitar ta cikin wani akwatin amsa-kuwwa da kamfanin Fender ya fito da shi a 1961, sai ka ji kamar ruwa na ɗiga a cikin kogo. Wanda ake ɗauka uban tafiyar shi ne Dick Dale, wanda asalin sunansa Richard Monsour, mahaifinsa kuma ɗan asalin Labanan ne. Faifansa "Let's Go Trippin'" na 1961 ya fito ne a ƙarƙashin Deltone, ɗan ƙaramin kamfanin da mahaifin nasa ke gudanarwa. Kiɗan da ya fi shahara da shi kuwa, wato "Miserlou" na 1962, tsohon take ne na ƙasashen gabashin Bahar Rum, kuma ma'anar sunan ita ce 'yar Masar. Wato dai abin da ake yi wa kirari da kiɗan Amurka zalla, jijiyarsa tana can wajen Larabawa da Girkawa da Turkawa. Wannan a gefe muka faɗa.

Abin da ya fi jan hankalinmu a matsayinmu na malamai shi ne shekarun makaɗan. 'Yan ƙungiyar Chantays, masu kiɗan "Pipeline", ɗaliban wata sakandare ce a garin Santa Ana, kuma wanda ya fara buga musu faifai a ƙarshen 1962 ɗan kamfani ne mai suna Downey da ke manne da wani kantin sayar da faya-fayai. 'Yan ƙungiyar Surfaris su ma yara ne sa'annin waɗanda muke koyarwa a aji biyar da aji shida. Sun shiga wani ɗan ɗakin ɗaukar sauti a garin Kukamonga domin su ɗauki waƙarsu "Surfer Joe", sai aka ce musu ai faifai yana da baya, dole a sa masa wani abu. Nan take suka harhaɗa "Wipe Out" don cike gurbi. Manajansu ya buga 'yan kwafi kaɗan a ƙarƙashin sunan DFS, wato haruffan sunansa. Daga baya babban kamfanin Dot ya karɓa ya baza shi ko'ina, kiɗan cike gurbin nan ya haura har matsayi na 2 a jadawalin Billboard a 1963. Su ma Beach Boys ɗan kamfanin Candix ne ya fitar da waƙarsu ta farko, "Surfin'", a ƙarshen 1961. Ana cikin haka Beatles suka dira Amurka a 1964, kasuwar kiɗan bakin teku ta watse, ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi suka koma gida da kwalayen faya-fayan da ba a saya ba.

To wai shin, ɗan'uwa, me ya sa bugun DFS na "Wipe Out" ya yi ƙaranci? Yaran nan ne suka zauna suka ce bari mu buga kaɗan don jikokin masu kuɗi su yi tinƙaho da shi? Ko kusa. Abin da aljihu ya iya ke nan. Da sun sami hali da miliyan suka buga, kuma da Dot ya ba su hanya murna suka yi. Ƙarancin nan tabon talauci ne. Kiɗan da ke cikin bugun DFS da wanda ke cikin bugun Dot na yara ɗaya ne a zama ɗaya, sai ɗan datsi da aka yi wa na baya, amma na Dot ana samunsa a kwandon gwanjo da kuɗin shayi, na DFS kuwa sai mai ƙumbar susa. Ashe ke nan abin da mai tarawa yake biya wa kuɗi shi ne 'yar takardar da aka liƙa a tsakiyar faifan, da kuma daɗin sanin cewa maƙwabcinsa ba shi da irinta.

Kuma a cikin kuɗin nan, nawa ne ke isa hannun wanda ya kaɗa jitar? Ko anini. A dokar Amurka da ta Ingila, da zarar an sayar da faifai karo na farko, duk cinikin da za a yi a kansa daga baya tsakanin mai saye da mai sayarwa ne. Masu zane sun fi makaɗa sa'a, domin tun 1920 Faransa ta yi dokar da ke ba mai zane wani kaso duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa a gwanjo. Makaɗi ba shi da irin wannan a kan tsohon faifansa. Dick Dale, wanda fim ɗin Pulp Fiction ya sake ɗaga sunansa a 1994, ya shaida wa 'yan jarida a 2015 cewa ba shi da ikon daina yawon wasa, domin sai ya nemo kimanin dala 3,000 kowane wata na kayan jinyar da ke riƙe da ransa. Haka ya yi ta hawa dandamali da ciwo a jikinsa har ya rasu a watan Maris na 2019 yana da shekara 81. Ba mu ce masu tara faifai ne suka sa masa ciwo ba, tsadar asibitin Amurka ma tana da nata kason laifin. Abin da muke cewa shi ne, a daidai shekarun da dattijon ke wannan fama, faya-fayansa na Deltone suna ta sauya hannu a tsakanin mutanen da ke kiran kansu masoyansa, bai ga ko sisi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Idan muka tsallaka wajen 'yan cin gashin kai, waɗanda ake kira indi, abin ya fi ban takaici, domin su da gangan suka zaɓi ƙaramin faifai don su guje wa manyan kamfanoni. A watan Janairu na 1977 ƙungiyar Buzzcocks ta birnin Manchesta ta ranto fam 500 daga 'yan'uwa da abokai ta buga kwafi 1,000 na "Spiral Scratch" da kanta. Da suka ƙare me suka yi? Suka koma suka ƙara bugawa, suka yi ta ƙarawa har aka sayar da kimanin 16,000. Mai son a ji shi haka yake yi. A birnin Biristol kuma, Clare Wadd da Matt Haynes sun kafa kamfanin Sarah a 1987, suka nace wa faifan inci 7 a lokacin da manyan kamfanoni ke fitar da waƙa ɗaya a siffa uku ko huɗu don masoyi ya saya sau uku ko huɗu. Suka ƙi wannan dabara, suka kuma ƙi maimaita waƙoƙin ƙananan faya-fayai a cikin babban faifan mawaƙi, don kada yaro ya biya kuɗin abu ɗaya sau biyu. Da lambar kayansu ta kai 100 a 1995 suka rufe kamfanin da hannunsu. Yau faifansu na farko, "Pristine Christine" na ƙungiyar Sea Urchins, ɗaruruwan fam ake sayar da shi. Abin da aka ƙirƙira don ɗalibi da marar aiki ya koma abin ado a falon wanda ya tara. Da wannan ɗan'uwanmu yake so mu yi alfahari?

Ya zuwa nan maganar ƙarancin da talauci ya haifar muke yi. Akwai wani ƙarancin kuma na ganganci, kuma mu 'yan Nijeriya ba ma bukatar a yi mana darasi a kansa, domin mun kwana a layin mai muna kallon jarkoki a bakin titi. Kamfanin Sub Pop na birnin Siyatul, na Bruce Pavitt da Jonathan Poneman, yana cikin waɗanda suka mayar da wannan dabara sana'a. A watan Agusta na 1988 suka fitar da "Touch Me I'm Sick" na ƙungiyar Mudhoney, kwafi 800 na farko a kan roba mai launin ƙasa-ƙasa. A watan Nuwamba suka buɗe wani tsari da mutum zai biya kuɗi tun gaba a riƙa aiko masa da faifai ɗaya kowane wata ta gidan waya, suka fara da "Love Buzz" na wata ƙungiya da ba a san ta ba a lokacin, wato Nirvana, kwafi 1,000 kowane da lambarsa da aka rubuta da hannu. Za a iya yi musu uzuri a ce ƙaramin kamfani ne mai neman jarin da zai rayu, kuma mun yarda kuɗin gaban nan sun taimaka musu. Amma darasin da kasuwa ta koya daga gare su shi ne cewa lambar da aka rubuta a bayan kwali ta fi kiɗan jan mai saye. Yau kwafin "Love Buzz" mai lamba dubban daloli ne, waƙar kuwa tana nan a cikin babban faifansu Bleach na 1989, kowa na iya ji.

Daga nan sai ido ya buɗe. A 2008 aka fara wata ranar shekara-shekara ta kantunan faya-fayai, da kyakkyawar niyyar ceto ƙananan kantuna daga mutuwa. Kafin a je ko'ina ranar ta zama ranar ƙarancin ganganci: a buga kwafi kaɗan a roba ja ko shuɗiya ko mai ɗige-ɗige, mutane su yi layi tun asuba, 'yan baranda su riga kowa su kwashe, kafin azahar kayan sun bayyana a eBay da ninkin kuɗi. A 2014 mawaƙin Ingila Paul Weller ya sanar da cewa ya daina shiga wannan biki, bayan ya ga yadda aka yi da faifansa "Brand New Toy". Jama'a, in wannan ba bumburutu ba ne, a faɗa mana sunansa. Bambancin kawai shi ne mai bumburutun fetur ba ya cewa kishin tarihin mota ne ya sa shi ɓoye jarka.

Ga kuma inda abin ya zama abin dariya. Faifan garmaho allura ce ke bin zanensa, kuma duk bi ɗaya tana ɗan cin sa. Masu tarawa suna da ma'aunin daraja da mujallar Goldmine ta yaɗa, wanda shi ake bi a kasuwar Discogs da aka kafa a shekarar 2000. A wannan ma'auni, faifan da ya sauka mataki ɗaya daga kusan sabo ya yi asarar kamar rabin kuɗinsa, in ya ƙara sauka sai rubu'i. Ka ga ke nan wanda ya ɗauki faifai a matsayin jari, babban abokin gabansa shi ne sauraro. Duk ranar da ya ji kiɗan ya yi asara. Saboda haka sai ya sa shi a leda, ya sa ledar a kwali, ya sa kwalin a durowa, in yana son jin waƙar ya kunna wayarsa kamar kowa. A 2022 faya-fayan garmaho sun zarce faifan CD yawan sayuwa a Amurka, miliyan 41 da miliyan 33, karo na farko tun 1987, aka yi ta guɗa wai kiɗa ya dawo gida. Sai kamfanin ƙididdiga na Luminate ya bayyana a 2023 cewa rabin masu sayen faya-fayan nan ne kaɗai ke da garmaho a gidajensu. Sauran rabin fa, da me suke ji, da hanci? Mu da muka ga ɗalibi ya sayi littafi ya naɗe shi da takardar siminti ya ƙi buɗewa don kada ya tsufa, mun san sakamakon da yake ɗauka a ƙarshen zango.

Adalci ya sa mu faɗi inda ɗan'uwan ya yi gaskiya, domin yana da ita. Manyan kamfanoni ba amintattun masu ajiya ba ne. Gobarar da ta tashi a harabar Universal a Los Anjalis ranar 1 ga Yuni, 2008, ta cinye ɗimbin kaset-kaset na asali, kuma sai a 2019 jaridar New York Times ta fallasa girman ɓarnar, ko da yake kamfanin ya musanta adadin da aka bayar. Su kuwa ƙananan kamfanonin Kalifoniya da suka mutu tun shekarun 1960, sau da yawa faifan da ya tsira a hannun wani shi ne kaɗai shaidar cewa an taɓa yin kiɗan. Akwai kuma mutane irin su John Blair, wanda ya bi diddigin faya-fayan kiɗan bakin teku ɗaya bayan ɗaya, ya wallafa littafin jerin sunayensu tun 1978, wanda har yau masu bincike ke dogara da shi. Irin wannan aiki ne ya share fagen tarin Cowabunga! da kamfanin Rhino ya fitar a 1996, inda kiɗan yaran da aka manta ya sake isa kunnen jama'a. Irin su Blair mun cire musu hula.

Amma ɗan'uwa ya haɗa su a buhu ɗaya da 'yan baranda, alhali rarrabe su ba wuya. A je wa mutum da labarin cewa za a sake buga faifan da yake taƙama da shi, kwafi dubu goma, a sayar da arha, a kuma biya iyalan makaɗan haƙƙinsu. Sai a dubi fuskarsa. Mai ajiya don tarihi zai ce ga nawa ku ɗauki sauti a kai. Mai ajiya don jari kuwa sai ransa ya ɓaci, domin arzikinsa ya dogara ne ga rashin da sauran mutane ke ciki. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Wannan ne ya sa shawarar da ya ba samarinmu ta tayar mana da hankali, domin kasuwar nan ta riga ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Tun da kamfanin Strut ya fitar da tarin Nigeria 70 a 2001, Soundway kuma ya biyo da Nigeria Special a 2008, masu farautar tsofaffin faya-fayai suka san hanyar Legas. A Nijar, kaset ɗin da Mamman Sani ya ɗauka da ogan ɗinsa na lantarki a 1978, wanda kwafinsa kaɗan ne ƙwarai suka fita, kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi a faifan garmaho a 2013, kuma a wannan shekarar ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa. Wannan sake bugawa ba mu da ja da ita, domin ta sa an ji Mamman Sani a ƙasashen da bai taɓa zato ba, yana raye. Abin da muke ja da shi shi ne a koya wa yaro ya dubi faifan Shata ya ga dala. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya a 2015, ba za su sake shiga ɗakin ɗaukar sauti ba. Faifan da aka kulle a akwatin ƙarfe a ɗakin da rufinsa kwano ne, zafin bazara ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi ya zama kamar ƙosai. In kuma ya tsira Baturen ya zo, to ya tafi ke nan, ya shiga leda, ya shiga kwali, ya shiga durowa a wani gari da jikokin mai faifan ba za su taɓa samun bizar zuwa ba. Mun taɓa ganin yara a wata unguwa suna gara faya-fayan kakansu a ƙasa kamar gare-gare, ranmu ya ɓaci ƙwarai. Amma ko a ranar, abin da muka yi baƙin cikinsa muryar da ke ciki ce, ba mu tsaya lissafin kuɗinta ba.

Wanda ya sami irin wannan faifai a ɗakin mahaifinsa, ya goge shi da tattausan ƙyalle, ya jingine shi a tsaye a wuri mai sanyi, ya nemi mai garmaho mai lafiyayyar allura a juye sautin a kwamfuta, ya rubuta sunan mawaƙi da na kamfani da lambar da ke jikin takardar, ya kai kwafi ɗaya gidan rediyo ɗaya kuma sashen Hausa na jami'a ko kwalejin ilimi mafi kusa da shi. Bayan haka in ya ga dama ya sayar da robar, dukiyarsa ce.

Shi kuma ɗan'uwanmu muna da tambaya biyu gare shi, muna roƙon Edita ya ba shi fili ya amsa a fitowa ta gaba. A cikin faya-fayan nan da ya lissafo mana farashinsu dalla-dalla har shafi uku, guda nawa ya taɓa zama ya saurara daga farko har ƙarshe? Kuma a cikin dalolin da ya ƙirga, dala nawa ce ta shiga gidan ɗaya daga cikin yaran da suka kaɗa?